Idan Kiɗa Ya Sauya: Cajin Batura Bayan An Ɗaga Ƙarfin Wuta

 

A wannan mako za mu amsa tambayar da wani ɗalibi ɗan aji biyar ya aiko mana daga Kabo. Ya ce da can a gidansu batir ɗaya suke da shi mai bolt 12, da wata 'yar ƙaramar inbata da ke ɗaukar ƙwayayen wuta da fanka. Yanzu mahaifinsu ya sayo sabuwar inbata mai bolt 48 da batura huɗu, don ta ɗauki firji da injin jawo ruwa. Tambayarsa ita ce: tsohuwar cajar da suke jona wa janareta idan rana ba ta fito ba, za ta iya cika wannan sabon haɗi, ko kuwa aikinta ya ƙare?

Amsar a taƙaice ita ce, cajar bolt 12 ba za ta taɓa cika haɗin bolt 48 ba, ko da ta kwana bakwai a jone. Za ta iya cika baturan ɗaya bayan ɗaya idan an raba su, amma wannan ma da sharuɗɗansa. Mun ga ya dace mu faɗaɗa bayani, domin tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, gidaje da shaguna da masallatai da yawa a garuruwanmu suka koma sola, kuma duk wanda ya fara da batir ɗaya, wata rana zai so ya ƙara. A wajen ƙarin ne dukiyar mutane take salwanta. Mu ma abin ya taɓa shigo mana har gida.

Abin da ya faru a shagon Kawu

Muna da wani kawu mai shagon cajin waya a wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Getso. Shekara biyu yana aiki da batir ɗaya mai bolt 12 da farantan sola biyu, ba tare da wata matsala ba. Da dare ma yaran unguwa a ƙofar shagonsa suke shimfiɗa tabarma su yi bitar karatu a ƙarƙashin ƙwan waje. Da azumi ya gabato, sai ya yi shawarar ƙara firji don sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara. Ya sayar da maraƙinsa, ya sayo inbata mai bolt 24 da sabon batir guda, aka haɗa shi da tsohon. Mai haɗin ya gyara zaman farantan, ya sa kwantirola, ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Watannin farko abin sai sam barka. Daga baya inbata ta fara kuka kafin a idar da sallar isha'i, firji ya mutu, wayoyin mutane su kwana babu caji. Masu kawo caji suka fara sulalewa zuwa wani shago. Da muka je hutu, muna gama gaisawa ya ce, "Yawwa, ku 'yan jami'a, ku zo ku duba mini wannan abu. Kwantirola tana nuna ya cika kullum, amma da dare sai ka ce an tsiyaye shi. Ni ina zargin jabun batir aka sayar mini."

Muka aro mita wajen wani mai gyaran rediyo, muka auna da tsakar rana lokacin da caji ke shiga. Gaba ɗaya haɗin ya nuna bolt 28.8, wanda shi ne daidai ga haɗin bolt 24 da ke gab da cika. Da muka auna kowane batir shi kaɗai, sai sabon ya nuna 15.5, tsohon kuma 13.3. Ku tara ku gani: 28.8 ne cif. Kwantirola ba ta yi ƙarya ba, jimla kawai take gani. Ba ta san cewa ɗaya yana ƙonewa saboda cajin ya yi masa yawa ba, ɗaya kuma yana kwana da yunwa.

Muka ce, "Kawu, wannan siririyar wayar da ta fito daga jikin tsohon batir fa, ina ta nufa?"

Ya ce, "Ai ta ƙwan waje ce da fanka. Tun da can a jikinsa suke, na ga ba sai an taɓa su ba."

"To wannan tsohuwar cajar ta janareta fa?"

"Ita ma ranar da aka yi hadari nakan maƙala ta a jikin sabon, tunda shi ne a bakin ƙofa."

A nan matsalar take. Batirin ba jabu ba ne. Kawu ya ɗaga ƙarfin wutarsa zuwa bolt 24, amma ya ci gaba da caji da jan wuta kamar yana kan bolt 12. Kiɗa ya sauya, rawa ba ta sauya ba.

Mene ne bolt, mene ne amfiya?

Don mu fahimci abin da ya faru, bari mu tuna darasin Fiziks ta hanyar abin da muke gani kullum. Ku dubi tankin ruwan makarantarku da ke bisa ƙarafa. Tsawon da aka ɗaga shi, shi ke sa ruwa ya fito da ƙarfi a famfo. Wannan ƙarfin turawa shi ne misalin bolt. Yawan ruwan da ke bi ta cikin bututu kuwa a kowace daƙiƙa shi ne misalin amfiya. Girman cikin tankin, wato yawan ruwan da zai iya riƙewa, shi ne lambar nan da kuke gani a jikin batir kamar 100Ah ko 200Ah. Aikin da wutar take yi ana auna shi da wat, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: bolt sau amfiya.

Sunan bolt daga Alessandro Volta ya samo asali, wani masani ɗan ƙasar Italiya da ya haɗa batir na farko a 1800. Abin da ya yi shi ne jera faya-fayen jan ƙarfe da na tutiya, ɗaya bisa ɗaya, da ƙyalle mai ruwan gishiri a tsakaninsu. Ya lura cewa duk lokacin da ya ƙara tsawon jerin, ƙarfin turawar yana ƙaruwa. Irin batirin da ke cikin mota da shagon Kawu kuwa, wato mai dalma da ruwan asid, wani Bafaranshe ne mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859. A cikinsa akwai ɗakuna, kowane ɗaki yana ba da bolt 2. Batir mai bolt 12 ɗakuna shida gare shi, mai bolt 6 uku, mai bolt 8 huɗu. Idan batirin mai murafu ne, ku ƙirga murafun, ku ninka da biyu, kun sami bolt ɗinsa.

Hanya biyu ake haɗa batura. Ta farko mu kira ta jerin gwano: jan kan wannan ya shiga baƙin kan na gaba, haka har ƙarshe. A wannan haɗi bolt ne ke taruwa, girman ciki bai canja ba. Batura huɗu masu bolt 12 da 200Ah za su ba da bolt 48 da 200Ah. Ta biyu mu kira ta sahu, kamar na sallah, kafaɗa da kafaɗa: ja da ja, baƙi da baƙi. A nan bolt yana nan yadda yake, girman ciki ne ke taruwa. Waɗancan batura huɗu za su ba da bolt 12 da 800Ah.

Me ya sa ake ɗaga bolt tun farko?

Wani zai ce, tunda batura huɗun nan wutar da suke riƙewa ɗaya ce ko a jere ko a sahu, mene ne na wahalar komawa bolt 48? Lissafi zai ba mu amsa. A ce kayan gida suna cin wat 1,200. A kan bolt 12, sai amfiya 100 ta bi ta cikin waya. A kan bolt 24, amfiya 50 ta isa. A kan bolt 48, amfiya 25 kacal. Amfiya ita ke sa waya ta yi zafi, kuma zafin ba ninki ɗaya yake hawa ba: idan amfiya ta ninka biyu, zafin da ke ɓata a waya yana ninka huɗu. Ke nan wanda ya tashi daga bolt 12 zuwa 48 ya rage asarar da ke cikin wayarsa sau goma sha shida, idan wayar ba ta canja ba. Shi ya sa manyan inbatoci suke zuwa da bolt 24 ko 48, kuma shi ya sa manyan turakun da ke kawo wutar lantarki daga nesa suke ɗauke da dubban bolt.

Saboda haka mahaifin mai tambayarmu bai yi kuskure ba da ya koma bolt 48. Abin lura kawai shi ne, duk abin da ke taɓa baturan dole ya koma bolt 48 tare da su: caja, kwantirola, zaman farantan sola, da duk wani ƙwai ko fanka da ke shan wuta kai tsaye daga batir.

Dalilin da tsohuwar caja ba za ta iya ba

Mu koma kan tanki. Idan kuna son cika tankin da ke sama, dole injin ya tura ruwa ya wuce tsawon tankin. In ƙarfinsa a rabin hanya ya tsaya, ko ɗigo ba zai shiga ba. Haka caja take. Dole bolt ɗinta ya ɗara na batir kafin wuta ta shiga. Batirin dalma mai bolt 12 idan ya cika ya huta yakan nuna kimanin 12.7, cajarsa kuma takan tura har wajen 14.4. Haɗin bolt 24 yana bukatar kimanin 28.8. Haɗin bolt 48 yana bukatar kimanin 57.6. Cajar da iyakarta 14.4 ba ta da abin cewa a gaban haɗin da ko a mace yana sama da bolt 40. Idan aka jona ta a kai gaba ɗaya, sa'a ce in fiyus kawai ya tsinke, galibi cajar ce ke ƙonewa.

Juyin wannan ya fi haɗari. Idan aka sa cajar bolt 48 a kan haɗin bolt 24, ko ta bolt 24 a kan batir ɗaya, wuta za ta shiga fiye da kima, ruwan batir ya tafasa, jikinsa ya kumbura, har yana iya fashewa.

Wannan matsala ba a garuruwanmu kaɗai take ba. Waɗanda suka je aikin Hajji ko Umara sukan ba da labarin ƙananan motocin lantarki da ake ɗaukar tsofaffi da marasa lafiya a Harami. Asalin irin waɗannan motoci na filin wasan golf ne, kuma a Amurka, inda suka fi yawa, da dama suna aiki da batura shida masu bolt 6, wato bolt 36. Masu son motarsu ta ƙara ƙarfin hawa tudu sukan mayar da ita bolt 48, da batura takwas masu bolt 6, ko shida masu bolt 8, ko huɗu masu bolt 12. Abu na farko da suke karo da shi bayan sauyin shi ne irin tambayar ɗan'uwanmu na Kabo. Tsohuwar cajar bolt 36 ba ta wuce wajen bolt 45, sabon haɗin kuwa idan ya cika yana sama da bolt 50. Dole a sauya caja, fitilun motar masu bolt 12 kuma a sama musu na'urar rage bolt. Dokar ɗaya ce daga can har shagon Kawu.

To me mai tambayarmu zai yi da tsohuwar cajar? Da farko ya duba takardar sabuwar inbatar. Yawancin inbatocin bolt 48 suna da caja a cikinsu, janareta kawai za a jona wa inbatar, ita kuma ta cika baturan huɗu gaba ɗaya. In babu, a sayi caja mai bolt 48 da ta dace da irin batirin. Tsohuwar kuma kada a jefar, tana da rana. Kafin a ɗaure sababbin batura a jerin gwano, yana da kyau a cika kowanne shi kaɗai da ita, don su fara tafiya daidai wa daida. Haka nan in an ga ɗaya ya koma baya, sai a kashe inbata, a cire haɗin, a cika kowanne har su yi kai ɗaya, sannan a mayar. Amma wannan gyara ne na lokaci lokaci, ba cajin yau da kullum ba. Batir mai 200Ah da ya sha rabi, da caja mai amfiya 20, zai ci awa biyar a lissafi, a aikace kuma ya fi haka, domin ƙarshen caji a hankali yake shiga. Ku ninka wannan sau huɗu ku ga man da janareta zai sha.

Shanun huɗa

Duk wanda ya taso a Gwarzo ko Kabo ya san ba a ɗaura wa ƙosasshen sa da ramamme garma ɗaya. Kunya za ta karkace, ramammen ya galabaita, ƙosasshen ma ya wahala. Batura a jerin gwano shanun huɗa ne. Amfiya ɗaya ce ke ratsa su duka, a wajen caji da wajen aiki. Mai ƙaramin ciki shi ke fara ƙarewa, kuma da zarar ya ƙare inbata ta tsaya, ko da sauran suna da wuta. Wake ɗaya ne ke ɓata gari.

Kawu ya karya wannan doka ta hanya uku. Ya haɗa batir ɗan shekara biyu da sabo dal. Ya bar ƙwai da fanka suna shan wuta daga tsohon shi kaɗai, saboda haka kullum da safe tsohon ya fi sabon yunwa. Sannan ranar hadari yana ba sabon ƙarin caji shi kaɗai. Sakamakon haka sabon yakan cika tun hantsi, amma kwantirola ta ci gaba da turo wuta don jimla ba ta kai ba, ruwansa ya dinga ƙonewa. Tsohon kuwa bai taɓa cika ba, kuma batirin dalma da ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri yakan daskare a jikin faya-fayensa ya toshe su, har ya daina karɓar caji.

Darasin shi ne: batura a jerin gwano su kasance iri ɗaya, girma ɗaya, shekaru ɗaya. Kada a ja wuta daga tsakiyar jeri. In akwai kayan bolt 12 da ake son riƙewa, akwai 'yar na'ura da ke karɓar bolt 24 ko 48 daga haɗin gaba ɗaya ta sauko da shi 12, kuɗinta bai kai kusa da na batir ba. Kuma a riƙa auna kowane batir shi kaɗai, ko sau ɗaya a wata. In bambancin da ke tsakaninsu ya kai rabin bolt, to akwai magana.

Farantan sola da kwantirola

Farantin da ake kira na bolt 12 yakan ba da kimanin bolt 18 a lokacin aiki. Wannan ya isa cika batir ɗaya, amma bai kai 28.8 ba, balle 57.6. Wanda ya koma bolt 24 sai ya jera irin waɗannan farantai biyu a jerin gwano, na bolt 48 kuma huɗu, ko ya sayi manyan farantai masu bolt da yawa. A bayan kowane faranti akwai takarda manne da ke nuna bolt ɗinsa, a jikin kwantirola ma an rubuta iyakar abin da za ta iya ɗauka. A karanta su kafin a taɓa waya.

Kwantirola iri biyu ce a kasuwa. Mai alamar PWM ta fi araha, amma tana son bolt ɗin farantai ya yi kusa da na batura, in ya yi nisa rarar ta tafi a banza. Mai alamar MPPT ta fi tsada, amma tana iya karɓar bolt mai yawa ta juya shi ya zama ƙarin amfiya. Yawancin ƙananan da ke shagunanmu bolt 12 da 24 kawai suka sani, ba sa aiki a kan 48. Sannan a kiyaye tsarin jonawa: batir ake fara jona wa kwantirola, don ta gane bolt ɗinsa, daga baya farantai. Wajen cirewa kuma farantai ne farko.

Idan baturan na litiyam ne, lissafin ya bambanta. Irin da aka fi sa wa a sola, kowane ɗaki bolt 3.2 yake bayarwa, ɗakuna 16 su ba da 51.2, shi ma a kira shi bolt 48. A cikinsa akwai allon lantarki da ke lura da kowane ɗaki, ya yanke wuta in abu ya wuce iyaka. Duk da haka dole a saita caja ko inbata a kan litiyam, kuma ba a haɗa shi jeri ɗaya da batirin dalma.

Zafi, ruwa da lafiya

Yanayinmu ma yana da nasa tasiri. Daga Maris zuwa Mayu zafi a ƙasar Kano yakan haura digiri 40, alhali an tsara batirin dalma ne a kan digiri 25. Masu ƙera shi sun ce ƙarin kimanin digiri 10 a kan haka, in ya ɗore, yana iya rage tsawon rayuwarsa da rabi. Saboda haka a ajiye batura a inuwa, inda iska ke ratsawa, ba a cikin akwatin kwano da rana ke duka ba. Da hunturu kuma a riƙa goge ƙurar farantai, don faranti mai ƙura ba ya cika batir.

Batir mai murafu yana shan ruwa. Tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙara masa, ba ruwan rijiya ko na leda ba, kuma ba a ƙara asid. Lokacin caji yana fitar da wata iska mai kama wuta, don haka ba a kusantarsa da ashana ko sigari ko fitilar kwai, ba a kuma kwana da shi a rufaffen ɗaki. Ƙarfe ɗaya da ya haɗa kawunan batir biyu yana iya jan ɗaruruwan amfiya nan take, zobe ko agogon hannu ya yi ja ya ƙona fata. Ƙannenmu, awo da mita kuna iya koya a gaban babba, amma kwance haɗi da ɗaurawa aikin wanda ya iya ne.

Mataccen batir kuma kada a fasa shi a tsakar gida, kada a bar yara su yi wasa da abin cikinsa. Dalma guba ce. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan jihar Zamfara. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai waccan. A mayar da shi ga masu sayar da batura, suna karɓa su rage wa mutum kuɗin sabo.

Yadda aka ƙare da Kawu

Muka raba baturan, muka ƙara wa sabon tataccen ruwa, muka cika kowanne shi kaɗai. Sabon ya farfaɗo, ko da yake bai koma yadda yake ba. Tsohon ya riga ya tafi: yakan nuna ya cika, amma da an ɗora masa kaya sai ya faɗi. Sai da Kawu ya sake haɗa kuɗi bayan kaka ya sayi wani, da 'yar na'urar rage bolt don ƙwan waje da fanka. Ya kuma sayi mita tasa ta kansa. Yanzu ɗansa ɗan aji uku ne ke auna baturan duk ranar Juma'a, yana rubutawa a bayan littafin bashi. Ranar da muka koma, Kawu ya ce, "Da na san wannan lissafin tun farko, da maraƙina bai tafi rabi a banza ba." 'Yan bitar dare kuma sun dawo da tabarmarsu.

Abin da ya ceci ragowar jarin Kawu bai wuce tarawa da ninkawa da abin da ke cikin littafin Fiziks na aji biyar ba. Kuma wannan fanni yana da gaba. Duk mai bin hanyar Gwarzo zuwa Kano yana wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, inda aka ƙaddamar da tashar sola mai megawat 7.1 a 2019. A 2021 an buɗe tashar cajin motocin lantarki mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, a lokacin da Jelani Aliyu yake shugabantar hukumar tsara motoci ta ƙasa. Shi Jelani ɗan Sakkwato ne, kuma shi ya zana fasalin motar lantarki ta Chevrolet Volt a Amurka. Duk waɗannan ayyuka suna bukatar masu fahimtar bolt da amfiya, maza da mata, kuma babu abin da zai hana su fito daga Garo ko Kutama ko Lakwaya.

Ga aikin gida na wannan mako. An ba ku batura takwas, kowanne bolt 6 da 200Ah. Na ɗaya, yaya za ku haɗa su ku sami bolt 24 da 400Ah? Na biyu, in aka jera su duka a jerin gwano, bolt nawa za a samu, kuma caja za ta tura kimanin bolt nawa kafin su cika, idan kowane ɗaki yana son 2.4? Na uku, kayan da ke cin wat 960 za su ja amfiya nawa a kowanne daga haɗin biyu? Ku zana haɗin a takarda, ku nuna wa malaminku na Fiziks, ku aiko mana da amsa tare da sunan makarantarku. Za mu kawo amsoshin a fitowa ta gaba.

Ɗan'uwanmu na Kabo, a gaishe mana da Baba, a kuma karanta masa wannan shafi kafin a jona komai. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba da sa'ar karatu.